Ɓawo a Sama, Rauni a Ƙarƙashi: Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Farkon Hunturu da Ruftawar Ramukan Ƙasa a Ajingi da Gaya

Tsakure

Wannan maƙala bayani ce a kan haɗarin da kafofin yaɗa labarai na Hausa suke kira zaftarewar dusar ƙanƙara, musamman irin wadda tushenta yake kafuwa a makonnin farko na hunturu a ƙungurmin tsaunukan Turai da Amurka. An kawo ta ne domin a haska wani haɗari na gida mai gini iri ɗaya da ita, wato ruftawar ramukan ɗibar ƙasa da gaɓar kogi a yankin Ajingi da Gaya bayan ɗaukewar ruwan sama. A wuraren biyu sama takan yi ƙarfi alhali ƙarƙashi ya raunana, kuma galibi ƙafar mutum ko digarsa ce take ƙarasa abin da yanayi ya fara. An kuma duba yadda ginin jimlar Hausa yake sakaya wannan hannu na mutum.

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, daga watan Disamba zuwa Maris, mai sauraren sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare yakan ji cewa dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutane a Ostiriya ko Afganistan ko Amurka. Labari ne da ake ji a wuce, domin ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce mai faɗowa ƙwaya-ƙwaya tare da ruwan sama, ta yayyaga ganyen shuka, ta narke kafin a gama mamaki. Ko a nahiyar Afirka sai an je wurare irin tsaunukan Atlas na Maroko, inda ƙololuwar Tubkal ta kai mita 4,167, kafin a tarar da dusar da take taruwa har ta zaftare. Ajingi kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta rairayi da fadama. Mai karatu yana da damar ya ce, me ya haɗa kifi da kaska?

Abu biyu ne suka haɗa su: lokaci da tsari. A tsaunukan arewacin duniya, makonnin da sanyi yake kamawa su ne makonnin da ake shimfiɗa raunin da zai ci rayuka daga baya. A gabashin Kano ma, makonnin da iskar hunturu take fara busawa su ne makonnin da ake komawa bakin kududdufi da gaɓar kogi domin ɗibar ƙasar gini, a daidai lokacin da bangon ramin yake sauya hali. Bambancin shi ne, Turawa sun shafe kusan shekara 90 suna auna nasu haɗarin, tun daga 1936 da aka kafa wurin binciken dusar ƙanƙara a saman garin Davos na ƙasar Suwizalan. Namu kuwa sai ranar da ya auku ake ba da labarinsa, a yi jaje, a wuce.

Tun daga suna ma akwai abin lura. Dusa abu ce mai warwatsewa, wadda ba ta haɗa jiki, saboda haka idan Bahaushe ya ji “dusar ƙanƙara ta zaftaro”, hoton da yake zuwa masa shi ne na gari mai kwararowa kamar an fasa buhu. Akwai irin wannan, amma ba ita ce ta fi kisa ba.

2.0 Yadda dusar farkon hunturu take ɗana tarko

Dusar da take kwance a jikin tsauni hawa-hawa take, kamar yadda mai haƙar rijiya yake ratsa baƙar ƙasa ya iske ja, ya ratsa ja ya iske yashi. Kowace zuba takan bar tata shimfiɗar. Wata iska ta daka ta har ta yi tauri, wata rana ta narka samanta ya sake daskarewa, wata kuma ta zauna sako-sako. Idan sabuwar dusa ce mai laushi ta suɓuce daga wuri ɗaya ta gangara tana buɗewa, ɓarnarta takan zama kaɗan. Wadda masana suke tsoro ita ce ta ɓawo: shimfiɗa mai tauri wadda ta haɗa jiki, tana zaune a kan wata mai rauni. Da zarar ta ƙasan ta karye a wuri ɗaya, karayar takan bazu a ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, sai ɓawon ya tsage daga sama ya taho gaba ɗaya, wani lokaci faɗinsa ya fi filin ƙwallo. Cikin ’yan daƙiƙoƙi gudunsa yakan wuce kilomita 100 a sa’a. Mafi yawan irin wannan zaftarewa tana aukuwa a gangaren da karkatarsa take tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangaren da masu wasan zamiya suka fi sha’awa.

To, daga ina shimfiɗa mai rauni take samuwa? A nan ne farkon hunturu yake da muhimmanci. A watan Oktoba ko Nuwamba akan yi zuba ta farko, ’yar kaɗan, sannan sama ta washe a yi makonni ana tsananin sanyi babu ƙari. Ƙasar da take ƙarƙashin dusa tana riƙe ɗumin da ta tara, saboda haka ma’auninta yakan tsaya kusa da sifiri, alhali iskar da take sama ta sauka ƙasa da sifiri ƙwarai. Wannan bambanci shi yake sa tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙwayoyin ƙasa yana daskarewa a jikin na sama, har ƙwayoyin su rikiɗe su zama manya masu kusurwa, waɗanda ba sa manne wa juna. Idan aka damƙe su a hannu sai su zube kamar sukari. Masana sun lura cewa wannan rikiɗa tana kankama idan bambancin sanyi ya kai digiri 10 a ma’aunin Salshiyos a kowace mita ɗaya ta kaurin dusa. A yi lissafi: idan ƙasa tana sifiri, iska tana digiri 10 ƙasa da sifiri, dusa kuma kaurinta santimita 30 ne kacal, bambancin ya haura digiri 30 a mita, ninki uku ke nan na abin da ake buƙata. Da a ce kaurin mita 2 ne, da bambancin bai wuce digiri 5 ba, kuma da ƙwayoyin sun dunƙule sun yi ƙarfi. Ashe ƙarancin dusar farkon hunturu shi ne illarta.

Daga nan sai manyan zube-zuben Disamba su sauka a kan wannan sukari, iska ta daddale su, a sami ɓawo mai nauyi a kan tushe ruɓaɓɓe. Mai tafiya a sama ba ya ganin komai sai fili fari ƙal mai ɗaukar nauyinsa. Kuma raunin ba ya warkewa da wuri. Yana iya zama a binne har wata biyu ko uku. Jihar Kolorado ta Amurka, wadda dusarta ba ta da kauri kuma sanyinta yake da tsanani, ita ce ta fi kowace jiha a ƙasar asarar rayuka ta wannan hanya. A hunturun 2020 zuwa 2021, wanda ya fara da irin wannan ’yar zuba da dogon fari a bayanta, mutum 37 ne suka mutu a Amurka, alhali abin da aka saba gani a shekara yana tsakanin 25 da 30. A tsaunukan Alps na Turai kuwa, kimanin mutum 100 ake rasawa a shekara.

Akwai wani abu kuma da ya shafi halin ɗan’adam. A wuraren wasan zamiya na kuɗi akwai ma’aikata masu tayar da nakiya da sassafe domin su zubar da duk ɓawon da yake shirin faɗuwa kafin a buɗe wa jama’a. A ƙungurmin tsauni babu wannan, kowa ido ne ga kansa. A farkon hunturu mutane suna ɗoki bayan watanni suna jira, dusar kuma ba ta rufe ko’ina ba, saboda haka sai su nufi kwazazzaban da suke cikin inuwa, inda iska ta tara ta da kauri. Waɗannan kwazazzabai su ne ainihin inda tsohuwar dusar Oktoba ta tsira daga rana ta zama sukari. Abin da yake jan mutum zuwa wurin shi ne abin da ya sa wurin ya zama tarko. Ga shi kuma duwatsu da kututtura ba su gama nutsewa ba, don haka ko ƙaramar zaftarewa ce ta ja mutum, tana iya fasa masa kai kafin ta binne shi.

3.0 Ƙasar Ajingi da Gaya bayan ɗaukewar ruwa

Ajingi da Gaya ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabta a gabashin Jihar Kano, daura da iyakar Jigawa. A ƙidayar 2006 Ajingi tana da mutum kimanin 174,000, Gaya kuma kimanin 201,000, kuma tun watan Yulin 2024 su biyun tare da Albasu suke ƙarƙashin masarautar Gaya mai daraja ta biyu. Yankin ya daɗe da sanin haƙa. Labarin baka na Abagayawa, maƙeran birnin Kano, yana cewa kakansu mai suna Kano daga Gaya ya taso yana neman tama har ya sauka a gindin Dala.

Ta fuskar ƙasa, wannan yanki yana wajen da tsoffin duwatsun da birnin Kano yake zaune a kansu suke nutsewa ƙarƙashin rairayi da laka na kwarin tafkin Cadi. Wato idan an haƙa, abin da ake ratsawa shimfiɗu ne na yashi da yumɓu da rairayi waɗanda ba su ƙanƙare sun zama dutse ba, wani a kan wani. Kogin da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, wanda yake ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, shi yake shayar da fadamun wannan shiyya, shi kuma yake tara yashin da tifofi suke ɗiba.

Ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Zuwa Nuwamba gero ya shiga rumbu, ana yankan dawa, kuɗi ya ɗan shigo hannu. Lokacin gyaran katangar da damina ta cinye ke nan, da yaɓen soro, da buga tubali ko bulon ƙasa, da tayar da ɗaki ga saurayin da aka sa wa rana. Duk waɗannan ƙasa suke ci, ƙasar kuma daga kududdufin bayan gari ake ɗibo ta, da diga da shebur, a mangalar jaki ko amalanke. A fadama kuma masu noman rani suna yashe tsoffin rijiyoyi suna haƙa sababbi. Ke nan a ’yan makonnin nan ne mutane suka fi yawa a cikin rami.

Domin a fahimci abin da yake faruwa a bangon ramin, ya isa a tuna da ɗakin da yara suke ginawa a kan ƙafarsu bayan an ɗauke ruwa. Rairayi mai danshi yana tsayawa, har a zare ƙafa a bar kogo. Idan rana ta busar da shi sai ya zube, idan aka kwara masa ruwa sai ya narke. Abin da yake riƙe da shi ɗan siririn ruwa ne da yake tsakanin ƙwaya da ƙwaya yana jan su zuwa ga juna, kuma ƙarfi ne na aro, wanda bushewa take ƙwacewa, jiƙewa sharkaf ma take ƙwacewa. Busasshen yashi, idan aka bar shi da halinsa, ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce digiri 34 ko kusa da haka. Duk bangon yashi da aka gani a miƙe kamar katanga, da aron nan yake tsaye.

A farkon hunturu bangon kududdufi yana fuskantar ɓarayin nan biyu a lokaci ɗaya. Daga waje, busasshiyar iskar arewa maso gabas tana zuƙe danshi. Saman ƙasa mai yumɓu yana ƙanƙancewa, ya yi tauri kamar an gasa shi, ya kuma tsattsage. Daga ciki, ruwan da ƙasa ta sha a watan Agusta bai gama sauka ba, yana nan a gindin bango yana tsattsafowa, yana tausasa shi. Sai a sami ɓawo mai ƙarfi da nauyi a sama, tushe mai laushi a ƙasa, tsari ɗaya da na tsaunin Kolorado. Mai diga kuma, kamar mai zamiya, inda ya fi daɗin aiki yake nufa. Saman ya yi tauri diga tana tsalle, ƙasan kuwa yana yankuwa kamar sabulu, kuma sau da yawa a nan ne jar ƙasar da magina suke so take. Sai ya yi ta ƙwaƙule gindin bango har ya zama rumfa, ya shige ƙarƙashinta, ga inuwa ga kariya daga iska. Wasu ma da gangan suke ƙwaƙulewa domin saman ya faɗo da kansa a huta da sara. Dabara ce mai rage wahala, sai dai ƙasar ba ta sanar da lokacin da za ta amsa.

Nauyin abin da yake rataye a kan mutum ya fi yadda ido yake ƙiyastawa. Gutsuren bango mai tsawon mita 2, tsayin mita 1 da kaurin rabin mita yakan haura tan ɗaya da rabi, wato fiye da buhun siminti 30. Irin wannan gutsure, idan aka dube shi a jikin kududdufi, ba a ma ɗaukarsa a bakin komai.

A gaɓar kogi lamarin ya ɗan bambanta. Lokacin da kogi ya cika, ruwansa yana tokare da gaɓa yana kuma jiƙa ta. Idan ya janye, tokarar ta tafi amma nauyin ruwan da gaɓar ta sha yana nan, shi ya sa gaɓa ta fi karyewa sa’ad da ruwa yake sauka fiye da sa’ad da yake hawa. A wannan kogi kuma hawa da saukar ruwa ba a hannun sama kaɗai suke ba, tun da madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 su suke tsara abin da yake gangarowa. Mai ɗibar yashi a gindin gaɓa yana iya tarar da ita a jiƙe a watan da ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba.

Misalai biyu daga ƙasar Hausa sun nuna girman abin. Ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramukan haƙar zinare suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a Jihar Maraɗi, wurin da dubban mutane suka yi wa tsinke ’yan watanni bayan gano shi. Rahotannin farko sun ce mutum 18 ne suka mutu, adadin kuma ya ƙaru a kwanakin da suka biyo baya. A watan Fabrairun 2022 kuma, mutum biyar suka rasu a ƙauyen ’Yanlami na ƙaramar hukumar Bichi, sa’ad da rami ya rufta da su suna haƙar ƙasa domin taya abokinsu gina ɗakin aure. Na biyun ya fi kusa da rayuwar Toranke ko Balare ko Kademi, domin babu zinare a ciki, babu kamfani, aikin gayya ne kawai irin wanda kowane ƙauye ya sani. Ya kuma nuna cewa raunin da aka fara tun kaka yana bin rami har tsakiyar rani, yana ƙaruwa da kowace mangala da aka fitar.

Kamancen yana da iyaka. Raunin dusa yanayi ne yake ƙera shi, mutum yana taka shi ne kawai, kuma karayar tana iya tafiya ɗaruruwan mitoci har ta zubo da gangaren da ba a taka ba. Raunin rami kuwa rabinsa aikin hannu ne, kuma ba ya wuce inda aka haƙa. Wannan ya sa namu ya fi sauƙin magani. A Amurka, dokar kare ma’aikata ta wajabta a tokare ko a kwantar da bangon duk ramin da zurfinsa ya kai ƙafa 5, a janye tulin ƙasar da aka fitar aƙalla ƙafa 2 daga baki, kuma a ƙasa mai yashi a kwantar da bangon har ya zama kowace ƙafa ɗaya ta zurfi tana da ƙafa ɗaya da rabi ta faɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar inji. A sari ƙasa daga sama zuwa ƙasa, mataki-mataki kamar matakalar soro, shi ke nan. Karin maganar da ta ce ramin mugunta a gina shi gajere, ko an cire muguntar shawarar tana nan daram.

4.0 Wa ya zaftare ta?

Alƙaluman Turai da Amurka sun daɗe da nuna cewa a cikin kowane haɗari goma da ya rutsa da masu yawon tsauni, kimanin tara wanda abin ya shafa ne ko wani abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar. Wannan ne ya sa binciken ya karkata daga dusa zuwa ga mutum. A 2004 Ian McCammon ya fitar da nazarin haɗurra 715 da suka auku a Amurka tsakanin 1972 da 2003, inda ya nuna cewa ko waɗanda suka sami horo sukan yi biris da alamun da suke gani ƙuru-ƙuru saboda wasu dalilai na zuciya: sun saba da wurin, sun riga sun ƙudurta sai sun kai, suna bin wanda suke ganin ya fi su sani, ko kuma idon jama’a yana kansu. Bahaushe ya riga ya taƙaita na farkon da cewa sabo turken wawa. Sauran kuwa duk suna cikin aikin gayya. Kududdufin da kaka da uba suka ɗiba ba a jin tsoronsa. Ranar biki ta matso. Samari suna gasa. Kuma wanda ya ce a fito daga ƙarƙashin rumfar nan, shi ne rago.

A nan ne masu nazarin harshe suke da abin cewa. A duba aikatau zaftare, wanda wasu suke rubutawa zabtare. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, yana aji na 4, mai ƙarewa da wasalin e, mai nuna cikar aiki ko rabuwa. A labaran kuɗi yana zuwa da aikau a fili: gwamnati ta zaftare kasafi, an zaftare wa ma’aikata albashi. Kowa ya san akwai mai wuƙa. Amma da an zo kan ƙasa sai ya koma ƙi-karɓau: ƙasa ta zaftare, gaɓa ta zaftare. Idan aka mai da shi aji na 6 mai nuna tahowa, sai a ce ta zaftaro musu, kamar ita ce ta yi niyya ta nufo su. Haka rufta: rami ya rufta da su, ƙasa ta rufto. A duk waɗannan jimloli ƙasa ce aikau, mutanen kuma abin ya same su ne. Diga ba ta bayyana ko kaɗan. Daga nan sai kalmar tsautsayi ta zo ta rufe zancen, tun da an ce ba ya wuce ranarsa.

Ba laifi ba ne a yi wa mamaci kara, kuma babu mai son a tsaya a gidan makoki ana lissafin kuskurensa. Amma harshen ta’aziyya daban, harshen gargaɗi daban, kuma abin da ya faru shi ne na farkon ya mamaye gurbin na biyun har a labaran rediyo. Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗa ba: sun ƙwaƙule gindin bango, saman ya rufto. Jimla ce mai gaɓa biyu, ta farko tana da aikau mutum, kuma mai sauraro a Gafasa ko Gurduba zai gane abin da zai bari gobe. Haka kuma akan ji an gwama zaizayar ƙasa da zaftarewar ƙasa kamar abu ɗaya ne, alhali zaizaya ci ne na sannu-sannu da ruwa ko iska suke yi cikin shekaru, zaftarewa kuwa ta daƙiƙa ɗaya ce. Mai fassara da ya musanya su ya sauya wa mai sauraro irin tsoron da ya kamata ya ji.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma’aunin gargaɗi guda mai mataki biyar, kuma abin mamaki shi ne kusan rabin mace-macen suna aukuwa a mataki na 3, domin a na 4 da na 5 kowa yana zama a gida. Kalmar da aka zaɓa wa matakin tsakiya ta sha muhawara saboda haka. Ajingi ba ta buƙatar sanarwar kullum irin wannan, domin alamun nata haɗarin a bayyane suke: tsaga mai bin bakin rami, wadda takan fito a tazarar rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na zurfinsa, rairayi mai zuba kaɗan-kaɗan daga bango ba tare da an taɓa shi ba, gindin bango da ya kumburo, ruwa mai tsattsafowa. Tsofaffin magina da mahaƙan rijiya sun san waɗannan, kuma suna da yadda suke faɗarsu. Tattara kalmominsu daga bakin Sarkin Magina da yaransa aiki ne da ya fi dacewa da sashen Hausa fiye da sashen injiniya.

5.0 Minti 15

A 1994 Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka buga a mujallar Nature sakamakon nazarin mutum 422 da dusa ta binne a Suwizalan. Waɗanda aka tono cikin minti 15, kashi 92 cikin 100 sun rayu. Zuwa minti 35 adadin ya faɗo zuwa kashi 30. Mafi yawansu shaƙewa ce take kashe su. Darasin da masu hawan tsauni suka ɗauka shi ne, jirgin ceto ba ya isowa cikin wannan lokaci, abokan tafiya su ne masu ceto. Shi ya sa kowa yake ɗaukar shebur da sandar lalube da ’yar na’urar da take nuna inda aka binne mutum, kuma idan za a ratsa gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya ake ratsawa, sauran suna tsaye a gefe suna kallo, domin kada a binne mai ceto tare da wanda za a ceta.

Ƙasa ta ninka tarin dusa nauyi sau uku ko fiye, don haka wa’adin wanda ta danne ya fi wannan gajarta. Ko kansa yana waje, idan ta kai masa ƙirji, duk numfashin da ya fitar ƙasar takan matso ta cike gurbin har ya kasa ja. Motar Hukumar Kashe Gobara, ko daga gari mafi kusa ta taso, da wuya ta riski kududdufin ƙauye cikin kwata ɗaya na sa’a. Saboda haka tsarin ɗaya bayan ɗaya ya dace da gayya sarai: kada duka majiya ƙarfi su shiga gindin bango lokaci guda, a bar mutum a sama daga gefe wanda aikinsa kallon tsaga ne kawai, wanda kuma zai iya nuna daidai inda kowa yake tsaye idan abin ya auku.

Bayan ruftawa, bangon da ya rage ya fi na farko haɗari, domin an cire masa abin da yake jingine da shi. Jama’a kuma sukan ruga su yi cincirindo a bakin ramin, nauyinsu ya ƙara karya shi a kan masu tono. A janye mutane da jakuna da amalanke daga baki. A tono daga gefe, ta ɓangaren da yake buɗe, maimakon a tsaya a kan tulin da mutum yake ƙarƙashinsa. Idan an kusa, a ajiye diga a koma hannu da ƙwarya ko kwano. A fara buɗe fuska, a share baki da hanci, sannan ƙirji. Kada a ɗaura masa igiya a ja alhali rabin jikinsa yana binne, domin ƙasar ba ta saki, gaɓoɓinsa ne za su saki.

Wanda aka fitar da rai, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi babban asibitin Gaya ko na Wudil a ranar, musamman idan ƙasar ta daɗe a kan cinyoyinsa. Tsokar da aka danne tana sakin wasu sinadarai cikin jini bayan an ɗage nauyin, waɗanda suke iya rikita bugun zuciya nan take ko su toshe ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu. Alamar da ’yan uwa za su iya gani a gida ita ce fitsari ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi.